Kitson Gidan Sha Bakwai

Har yau, in mace ta taso daga wurin Gwaggo Mai Kitso, matan layin sai sun ce ta ɗaga ɗankwali a duba ko an gama. Wata safiya ce ta jawo wannan. Nas ɗin da ke haya a saman bene ta sauko kitso kafin ta tafi aikin rana. Ta zauna a tabarma, ta jingina da gwiwar Gwaggo, barci ya kwashe ta. Gwaggo ta kitsa layi goma sha biyu a ɓangaren dama, ta ce a fili, "Ɗari biyu da huɗu. Alhamdu lillahi!" Ta ɗaura mata ɗankwali, ta bubbuga kafaɗarta, ta ce an gama. Nas ta miƙe da magagin barci ta wuce asibiti. Sai da ta cire ɗankwalin za ta sa hular aiki, abokan aikinta suka ga rabin kai a kitse tsaf, ɗaya rabin a tsaye kamar an ba shi tsoro.

Gwaggo dai ba mai mantuwa ba ce. Tun tana budurwa take kitso, a hannun mahaifiyarta ta koya, kuma tun rasuwar mijinta ba ta sauya wurin zama ba: ƙarƙashin matakalar bene, kan wata 'yar kujera mai ƙafa ɗaya gajera da ake tokarewa da murfin kwalba. A gefenta akwai gwangwanin mai, da mataji mai haƙora uku a karye, da madubin da ba wanda yake son kallon kansa a ciki. Ta san kan kowace mace a layin, ta san wadda ke da tabo a ƙeya, da wadda furfura ta fara yi wa sallama ba ta son a faɗa.

Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ya ba ta 'yar ƙaninta. Uwar yarinyar ta rasu tana goye, uban kuma direban babbar mota ne, yana hanya kullum. Aku ake ce mata saboda surutu. Tun daga bakin ƙofa take fara ba da labarin makaranta, wani lokaci sai Gwaggo ta ce, "Uwata, ki bar wa gobe kaɗan mana."

To sai ga shi Aku ta yi shiru. Malamarsu ta raba wa 'yan aji manyan lambobi, kowa ya haddace jadawalin sau na lambarsa, ya tashi ya karanta. Gidan sha bakwai ne ya faɗo wa Aku. Ta tashi, ta kai sau biyar lafiya, a sau shida bakinta ya ƙulle. Wani ya yi dariya a baya, sauran suka ɗauka. Malama ta tsawatar, ta ce ba komai, ta sake gwadawa wani makon. Amma tun ranar Aku ta daina labari. Kowace safiya cikinta ke ciwo, in an ce ta zauna a gida sai ciwon ya tafi.

Abin ya tsaya wa Gwaggo a rai. Ita a zamaninta a gidan sha biyu aka tsaya, shi ma da ƙyar ta tsallake. Ta ce wa Aku ta karanta mata daga littafi, yarinyar ta buɗe baki sai hawaye. Gwaggo ta rufe littafin, ta ce, "Zo in tsefe miki kan nan, ya tsufa."

A nan dabara ta zo mata. Ta lura in yarinya ta ba ta baya, ba idon da ke kallonta, harshenta yakan saki. Ta tsaga layin farko, ta raba gashin, ta ce, "Sha bakwai ɗin nan ya yi mini kauri, ba na iya kama shi gaba ɗaya. Mu raba shi. Goma a wannan hannu, bakwai a wannan. Sau shida, goman nawa?"

"Sittin," in ji Aku, can ƙasa-ƙasa.

"Bakwan fa? Ni kam ya gudu ya bar ni."

"Arba'in da biyu."

"To murɗe su wuri ɗaya."

"Ɗari da biyu."

"Kin tabbata? Ni ɗari da ashirin nake gani."

"Kai, Gwaggo!" Aku ta juyo har gashin ya suɓuce. Wannan ce dariyarta ta farko a makon.

Haka suka yi ta yi kullum bayan la'asar, a kitsa a tsefe, layi ɗaya lamba ɗaya, har kai ya ɗauki layi goma sha biyu. Gwaggo na yin kuskure da gangan, wani lokacin kuma ba da gangan ba, Aku na gyara mata. 'Yan biyun wani tela maƙwabcinsu suka fara leƙe, suka zauna. Ɗayansu namiji ne, kansa a aske tal, ya ce shi ina zai ajiye nasa lissafin? Gwaggo ta zana masa layuka da bayan mataji.

Ranar da za a sake karatun, Gwaggo ta yi mata sabon kitso da sassafe, ta ce, "In kin maƙale, ki sa hannu a ka kamar kina susa. Duk suna nan, ni na ajiye su." Aku ta tafi, ba ta ce cikinta na ciwo ba. Gwaggo ta bi ta da kallo har ta sha kwana. A daidai lokacin ne Nas ta sauko. Hannun Gwaggo na kan Nas, zuciyarta na cikin aji, tana raka yarinya layi-layi, tana jan numfashi a sau shida, har suka kai ƙarshe tare.

Da rana, tun daga bakin titi aka jiyo muryar Aku. Ta maƙale a sau tara, in ji ta, ta sosa kai, ya dawo, ɗari da hamsin da uku! Malama ta sa an tafa mata. Wanda ya yi mata dariya kuwa gidan sha tara ya kayar da shi, amma ita ba ta yi dariya ba, kaɗan ta yi. Gwaggo ta juya tana neman wani abu a gwangwanin mai, ta daɗe ba ta same shi ba.

Da yamma Nas ta dawo, ta tsaya a kan matakala ta yaye ɗankwali, matan gidan suka fashe da dariya. Ta ce, "Gwaggo, ɗaya rabin na wace ce? Ko ajiya kika yi wa wata?"

Gwaggo ta jawo tabarma da ƙafa, ta ce, "Rabin kanki ai ya jira ni bai mutu ba, 'yar nan. Zauna. In kuma kika ƙara magana, gidan sha tara zan ɗauko, shi kuwa ban iya ba. A layi na uku zan sallame ki."