Duro Huɗu a Hanyar Dawowa

Yayan matata direban babbar mota ne, ya yi shekara ashirin da shida a kan hanya ɗaya. Ba shi ya zaɓa ba. A wancan zamani kowace mota da takardar izininta, ita ke faɗin hanyar da za ka bi da kayan da za ka ɗauka. Tasa ta ce siminti, daga masana'anta zuwa wani gari mai tafiyar yini guda. Dawowa kuwa wayam, don lodin dawowa na wani kamfani ne. Haka motar ke komowa tana ƙugi kamar cikin mayunwaci.

A tsakiyar hanyar akwai wani ƙeƙasasshen fili inda yake tsayawa inji ya huce. Babu inuwa sai ƙarƙashin mota. Da ya gaji da cin abinci a tsugune tsakanin tayoyi, sai ya dasa darbejiya biyu, ya sayi duro huɗu. In ya sauke siminti ya cika su a famfon gareji, ya shayar a hanyar dawowa.

Mai duba takardu ya taɓa tare shi. "Wannan fa? Takardarka ba ta ce ruwa ba."

"Ba na sayarwa ba ne, yallaɓai. Yarana ke jin ƙishi."

Biyu suka zama arba'in. Direbobi suka sa masa Mai Lambu. "Mai Lambu, yaushe za mu ci 'ya'yan?" Shi kuma ya ce, "Ranar da ka daina yi musu munshari a gindi."

Na taɓa bin shi sau ɗaya. Har yau ina jin ƙamshin ƙasar nan lokacin da bokitin farko ya sauka, da yadda ganye ke kaɗawa a kan gilashin mota, haske na zubowa tsakaninsu ɗigo-ɗigo.

Sai majalisa ta soke dokar izini: kowa ya ɗauki abin da ya samu, ya kai inda aka ce. Kaya sun yi sauƙi a kasuwa, ba zan yi ƙarya ba. Amma manajansu ya kira shi ofis.

"Baba, an daina dawowa wayam. Wurin duro huɗu wurin buhu ashirin ne. Mako mai zuwa ma gabas za ka yi."

"Ina da ƙanana bakwai a can, bara na dasa. Ga rani a gaba. Ko sau ɗaya a mako ka bar mini hanyar."

"Hanya yanzu ta mai kaya ce, Baba."

A tafiyarsa ta ƙarshe ya sauke durorin a gindin itatuwan, cike. Kafin ya tafi na ce ya kawo in tsara masa abin da zai rubuta a jikinsu. Ya ce, "Kai in na bar ka, sai mutum ya mutu da ƙishi bai gama karantawa ba." Da kansa ya rubuta da jan fenti: In kana da ragowar ruwa, zuba wa ƙananan.

Wata bakwai yana yawo a hanyoyin da ba wanda ke ɗaga masa hannu. Matata ta ce, "Yaya, itace ne fa." Shi kuwa sai juya cokali yake a kofi.

Ranar da lodi ya biyo da shi ta tsohuwar hanya, ya zo ya ɗauke ni. Ya ce ba zai iya dubawa shi kaɗai ba. Muka tarar da motoci sun fi goma, duk baƙi, irin waɗanda sabuwar doka ta sako. An sace duro biyu. Uku cikin ƙananan sun bushe ƙurmus. Huɗu na tsaye, sun kai kafaɗa, gindinsu jiƙe.

Wani direba da ke kishingiɗe a inuwa ya ɗago kai. "Dattijo, in ka tsaya nan sai ka zuba ruwa. Haka dokar wurin take."

"Wa ya kafa ta?"

"Oho. Mu ma haka muka tarar."

Yaya ya kalle shi. Sannan ya juyo gare ni. "To me ka tsaya yi? Ɗauko jarkar nan a bayan kujera."