Wai Gwaggo Ba Ta Da Kowa

Da safe, kafin ta sa komai a baki, Gwaggo takan share ƙofar ɗakinta mai kallon titi, ta ɗauki 'yar kujerarta ta katako, ta fita. Duk gidan da ka ga kujerar nan, to akwai marar lafiya a ciki. Ba magani take kaiwa ba, zama take yi. Ta juya wanda ya kasa juyawa, ta wanke abin da 'ya'yan cikinsa ke toshe wa hanci.

Yayar mahaifina ce, Allah bai ba ta haihuwa ba. Lokacin da telan layinmu ya karye a ƙugu, ita ta zauna har ya taka. Matarsa ta ce zafin ciwo kan sa shi yi wa Gwaggo tsawa, sai ta ce, "Ƙara, ɗana, haka nake sanin kana da rai."

Yanzu gwiwa ta ƙi. Sai 'ya'yan baffana suka ce za a mayar da ɗakinta shago, ita a kai ta kuryar baya, inda ko taga babu.

"Ai ba ta da kowa," in ji babbansu. "Wa zai zo nemanta?"

Da kunnena na ji. Na je na gaya wa matar tela.

Ranar da magini ya zo fasa bango, ƙofar ta cika da mutanen layi, kowa da kujerarsa.

"Lafiya?" in ji babban.

"Jinya muka zo," in ji matar tela. "Mu ne kowan da ka ce ba ta da shi."

Magini ya leƙa ciki. "A'a, Gwaggo, ɗakinki ne? Ke da kika yi jinyar tsohuwata?" Ya mayar da gudumarsa buhu.

Daga ciki Gwaggo ta ce, "Ku ba yaran nan wurin zama mana, rana na dukansu."

Gwaggo, ke ce uwar masu ciwo, kuma mun gode tun kina ji da kunnenki. 'Ya'yan baffana sun ce za su nemo wani magini. Su nemo, zai tarar da mu.

Ku da ke karantawa, akwai marar lafiya a layinku. Ku ɗauki kujera. Ta Gwaggo dai tana bakin ƙofarta, kuma nan za ta zauna.