Takardar Da Na Ɓoye Wa Yayana

A zamanin Turawa ni saurayi ne, ina koyarwa a elementare a Wurno, kuma ni kaɗai nika karanta boko a gidanmu. Yayana kuwa manomin albasa ne a fadamar Goronyo. Shekara biyu yana fama da ciwon baya, can ƙasa wajen ƙugu. An yi ƙaho, an yi jiƙo, ciwon bai ɗaga ba, sai rama da zufa.

Da munka ji wani likita Bature ya zo rangadi Rabah, na kai shi. Malamin asibiti ya ɗibi jininsa, ya zuba a wani siririn gilashi, ya tsayar. Bayan awa guda ya duba, ya kira Baturen, sunka daɗe suna kallon gilashin. Sannan malamin ya ja ni gefe ya ce jinin ya kwanta da sauri ƙwarai, alama ce akwai abin da ke cin jikin daga ciki, wannan ba ciwon noma ba ne. Ya ba ni takarda, ya ce mu tai Sakkwato a ɗauki hoton ƙashinsa, kada mu jinkirta.

A hanya Yaya ya tambaye ni mi sunka ce. Lokacin kowa na faɗin wanda anka kwantar a asibitin Turawa ba ya dawowa da ƙafarsa, kuma duk bokona na yarda. Na ce masa gajiya ce, sun ce ya huta. Ya yi hamdala. Takardar kuwa na cusa ta cikin littafi.

Kafin damina ta fita wani ƙulli ya taso a gadon bayansa. Ƙafafunsa sunka fara nauyi, ya koma jan su, daga baya ko an tsunkule shi ba ya ji. Da munka kai shi Sakkwato anka ce tarin fuka ne ya ci ƙashin, da an zo da wuri da an tare. Shekara shida ya yi kwance. Kullum na ɗaga shi sai ya sa mini albarka, ya ce babu ƙane irina. Har ya rasu ban iya buɗe baki na faɗa masa ba.

Ajali na Allah ne, amma ƙaryar tawa ce. Jama'a, ciwon bayan da ya daɗe, da rama, ba abin rainawa ba ne. In an auna jinin ɗan'uwanku an ce ku kai shi gaba, ku kai shi. Kuma ku faɗa masa gaskiya, don jikin nasa ne.