Mushe Élie da Wuyan Yakaka

Da hantsi, idan rana ta faɗo ta tagar labo, ɗakin gwaje-gwajen asibiti, Mushe Élie, wato Malam Élie da Faransanci, yakan goge madubinsa na ganin ƙwayoyin jiki, ya ja kujera, ya sunkuya. Daga nan sai ka kira shi sau biyu kafin ya ɗago. Ya taɓa ce mana idan ya ɗiga launi a kan gilashi ya leƙa, ji yake kamar yana shawagi bisa kogin Komadugu lokacin cikar ruwa, ga tafkuna shuɗi-shuɗi, ga tsibirai jaja-jaja, ko'ina shiru. Haka yake tun zuwansa Difa daga Dogon Dutsi farkon shekarun casa'in, har watan jiya da ya ajiye aiki. Yawancin marasa lafiya hannunsa kawai suka sani, yana karɓar kwalba ta taga.

Yakaka kam ta san fuskarsa. Tattasai take nomawa a bakin kogi, kuma tun tana amarya take da maƙoƙo, kamar mata da yawa a karkararsu. Wata shekara sai kumburin ya yi tauri kamar dutse, ya riƙa girma ido na gani. Muryarta ta dishe, tuwo ya daina wucewa. Mijinta Grema ya kawo ta asibiti a amalanke.

Likita ya tsotso ɗan abin da ke cikin kumburin da siririyar allura, Élie ya shafa a gilashi ya leƙa. Ya saba ganin ƙwayoyin maƙoƙo a kewaye, kamar mata sun zauna biki. Ranar sai ya ga wasu masu faɗi, sun hau juna kamar ɓawon kifi. Irinsu a fata suke zama, ko a hanyar abinci. Me ya kawo su nan?

Ya kira likitan suka duba tare. Likitan ya ce, "Sankara ce, amma irin wadda ba kasafai ake gani ba. Ko daga wani wuri ta yaɗo, ko a nan ta tsiro. Sai mun bincika."

Aka ɗauki hoton ƙirji, huhu lafiya lau. Saura tabbacin manyan likitoci a Yamai, ga hanya mai nisa, ga gilashi ba ya son jijjiga. Élie ya nemi hutunsa na shekara, ya naɗe gilasan a auduga, ya rungume su a mota har Yamai.

Da ya dawo da tabbacin sankara ce, bai bar maganar a bakin kowa ba. Ya zauna kan tabarma kusa da Yakaka da mijinta, yana haɗa Hausa da guntun Barbarcinsa.

Yakaka ta ce da ƙyar, "Ɗana, faɗa mini gaskiya. Zan warke?"

Ya ce, "Iya, ciwon mai tsanani ne, ba zan rufe ki ba. Amma idan aka yi aiki yanzu, za ki shaƙi iska ki haɗiyi abinci. Sauran yana hannun Allah."

Grema ya ce, "To, mu tafi."

A Yamai aka leƙa maƙogwaronta da hanyar abinci, ba a ga tushen ciwon can ba. A wurin maƙoƙon ya tsiro. Aka yi aiki. Yakaka ta dawo gida ta ga tattasai ya nuna har kaka biyu, ta goya jikarta ta fari, kafin ta cika a ɗakinta cikin ƴaƴanta.

Kai ne, Élie, mai ido da haƙuri. Kai ne ba ka ce "maƙoƙo ne kawai" ka wuce ba. Kana zuwa majami'a ran Lahadi, su suna zuwa masallaci, amma da kai aka zauna makokin Yakaka, Grema yana nuna ka ga baƙi yana cewa, "Wannan ɗan gida ne."

Mun gode, Allah ya saka maka, ya ba ka hutu mai daɗi. Ku kuma matasan da kuka gaji kujerarsa, ku riƙa duba kowane gilashi a natse. Uwar wani ce a kai.