Wayar Auta Ba Ta Karɓar Turi

Mai Turi ake ce masa, har wasu sun manta yana da wani suna. Rumfarsa na ƙarƙashin matakalar benen masu sayar da waya, inda dogon mutum ba ya shiga sai ya sunkuya. Teburi ɗaya ne, da tsohuwar kwamfuta mai kuka kamar injin niƙa, da lasifikar da aka ɗaure da roba, da damin igiyoyi rataye a ƙusa. Ka kawo wayarka, ka faɗi abin da kake so, waƙa ko karatu ko fim, ya jona igiya ya tura maka. Da wannan sana'a ya riƙe gida, da ita ya kai autarsa makarantar koyon jinya.

A da layi ake yi masa. Yanzu kuwa ƙuda ma sai ya ga dama yake sauka a teburin. Kowa ya samu data, kowa na sauke abinsa yana kwance a gado. Masu zuwa sai tsofaffi da direbobin manyan motoci, su ma kullum raguwa suke yi.

Abin da bai ragu ba shi ne musu. Tsarin waya iri biyu ne suka raba duniya, shi kuma ya raɗa wa kowanne suna: ɗaya Kasuwa, ɗaya Banki. Kasuwa, in ji shi, ƙofarta a buɗe take, kamfanoni barkatai ke ƙera ta, akwai ta talaka akwai ta mai hali, ka jona ta da kowace kwamfuta ka zuba abin da ranka ke so. Banki kuwa kamfani ɗaya ne da ita, ga tsada, ba ramin memori, kayanka ma ba ka shiga da su sai da izini.

Abokin musunsa mai gyaran waya ne da ke fuskantarsa, wanda ake wa laƙabi da Injiniya.

"Kasuwar taka ai har ɓarawo shiga yake," Injiniya zai ce, yana ƙura wa wata waya ido ta cikin madubi. "Wayoyi nawa na wanke wa bairos? Kwana kaɗan ta fara nauyi, tana zafi kamar dutsen guga. Banki kuwa ta tsufa tana gudu, hotonta ras, wanda ya sace ta kuma dutse ya ɗauka."

"In gilashinta ya fashe fa? Sai mutum ya kwana da yunwa. Waya ce ko surukar mutum, da ba a taɓa ta sai da sallama?"

Haka suke wuni. Ba wanda ya taɓa kayar da wani, ba kuma wanda yake so a gama.

To, mutumin da ke iya wannan surutu a waje, a gidansa bebe ne. Faɗa dai yana iyawa, ya ma ƙware. Amma "yi haƙuri" ko "na yafe" ba su taɓa samun hanyar fita daga bakinsa ba. Sai ya samo wata dabara. Akwai wata tsohuwar waƙa da ya kwafo daga kaset tun yana saurayi, muryar wata mata tana rarrashin ɗanta, cike da ƙara, ba wanda ya san ko wace ce. Duk sanda ya ɓata wa matarsa rai, ita ta san abin yi: ta manta wayarta da gangan a kan firji. Shi kuma ya saka ta a aljihu kamar bai sani ba, ya dawo da ita da yamma ya ajiye inda ya ɗauka. In ta duba ta ga waƙar nan, magana ta ƙare. Yara suka taso suka tarar da haka, suka sa mata suna waƙar sulhu. Duk wanda ya same ta a wayarsa ya san Baba ya huce.

Auta ce ta fi kowa samun ta, don ita ce ta ɗauko bakin uban.

Ranar da ta ce ta samu aiki a wani asibiti a ƙasa mai nisa, Mai Turi ya ajiye cokali. Yayyenta duk sun watse, ita kaɗai ke leƙo rumfar nan in ta taso daga aiki, ta zauna a kan bokitin fenti tana tsokanar Injiniya. Tsoro ne ya kama shi, amma da ya buɗe baki fushi ne ya fito.

"Je ki. Dama kowa gudun rumfar nan yake yi. Amma kada ki tsaya jiran albarkata."

Magana zarar bunu ce. Uwar ta dafe ƙirji, Auta ta tashi ta shiga ɗaki. Tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa su. Kullum da safe yana duba kan firji, ba ya ganin komai sai kwandon magunguna. Uwar ta yi ta yi da shi ya kira yarinyar ya janye maganarsa, yana cewa ai ta san halinsa. Ta sani mana, amma wannan karon albarkar uba ce aka taɓa, kuma ga ranar tafiya na matsowa.

Bai zauna haka kawai ba. Ya sayi sabon memori, ya zuba waƙar sulhu ita kaɗai a ciki, ya naɗe a ƙyalle ya sa a aljihun gaba.

Ranar tafiya ya fice tun da sassafe don kada a yi sallama a gida. Da hantsi sai ga ta a bakin rumfa, mota na jiran ta a bakin titi da akwatuna. Ta sunkuya ta shiga, ta gaishe shi, sannan ta ciro waya daga jaka ta ajiye a kan teburin, ta kau da kai tana kallon igiyoyin da ke ƙusa. Ya ƙura wa wayar ido. Ashe ta manta wayarta, kamar yadda ake yi.

Ya ɗauka. Sabuwa ce, mai santsi, mai nauyi a hannu. Ya juya ta, ya bi gefenta da farce yana neman ramin memori. Babu. Banki ce.

"Ina tsohuwar?"

"Na bar wa ƙawata, Baba. Wannan kuwa asibitin ne suka aiko, da ita za mu riƙa aiki."

Ya sauko da damin igiyoyi ya shiga gwadawa. Wannan ta yi faɗi, waccan ta yi ƙanƙanta. Injiniya, da ya ga abin da ke faruwa, ya miƙo tasa igiyar. Ta shiga. Kwamfutar ta yi kukanta, ta yi tunani, sannan ta nuna ba ta san baƙuwar ba. Ya cire ya mayar. Ya hura bakin igiyar. Ya kashe kwamfutar ya kunna. Kwamfutar ta riga ta tsufa da sanin irin wannan waya.

"Ka tura mata ta intanet mana," in ji Injiniya a hankali.

Bai ko kalle shi ba. Saƙon intanet da sunan mutum yake zuwa, a san wanda ya aiko. Wannan ai magana ce. Shi kuwa ya saba a tsinci abin kawai, kamar daga sama.

Direba ya danna hon.

Sai bakin nan ya buɗe, amma ta inda ya saba. "Kin gani ko? Abin da nake faɗa ke nan kullum. Waya a hannunka amma ba taka ba. Da Kasuwa ce da tuni an gama. Su dai a ce hoto, a ce tsaro. Tsaron me? Tsaron da zai hana uba..." Ya tsaya, ya koma kan batir da tsadar gilashi, yana yi yana jin kansa, yana jin haushin kansa, ya kasa dainawa.

Auta ta bar shi har ya numfasa. Idonta ya cika.

"Baba, ba sai ka tura ba. Ga ni a gabanka. Faɗa min da baki."

Ya dube ta. Kalmomin na nan, ya ji su sun taso har maƙogwaro. Ya miƙa mata wayar.

"Ki riƙa cire ta daga caji in ta cika," ya ce. "Yana kashe batir."

Ta ɗan jira, ko akwai saura. Hon ya sake tashi. Ta ce, "To, Baba," ta sunkuya ta fita.

Yana zaune sai da ya ji ƙofar mota ta rufe. Sannan ya zabura, ya buge kansa da matakala, ya fito bakin titi da memorin a dunƙule a hannu. Motar ta riga ta shige cikin sauran motoci, bai ma iya bambance ta ba.

"Allah ya yi miki albarka," ya ce da ƙarfi. "Allah ya tsare ki, Auta."

Masu wucewa suka kauce masa. Daga bayansa, Injiniya ne kaɗai ya ce, "Amin."