Ranar da Miyar Gidanmu Ta Yi Ɗaci

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Yaron can" take ce mini, ko da kuwa ina zaune a gabanta. Idan za ta ba ni abinci, sai ta ajiye kwanon ta kau da kai. Manya sun san kunya ce ta al'ada, amma ni yaro ina na san wannan? Na dai ɗauka ba ta sona, kuma abin yana ci mini rai.

A lokacin unguwarmu Gyaɗi-Gyaɗi ba ta wuce 'yan gidajen ƙasa da gonaki ba, Turawa ma ba su tafi ba. A hanyar Tarauni akwai wani ƙaton maɗaci, jikinsa duk tabon gatari. Mai neman magani yakan sassaƙi ɓawon ta gabas da ta yamma, ya shafe wurin da taɓo don kada itacen ya mutu. Zazzaɓi, ciwon ciki, tsutsar ciki, duk wurinsa ake zuwa.

Wata damina zazzaɓi ya kayar da ni. Aka shimfiɗa mini tabarma a ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba. Kullum da hantsi sai ta shigo da ƙoƙon jiƙon maɗaci, ja wur, ta toshe mini hanci.

"Haɗiye, maigidana," in ji ta, don haka take tsokanata. "Idan ka mutu wa zai saya mini goro?"

Inna kuwa ko leƙowa ba ta yi. Ina jin takunta, ta zo daidai ƙofa, ta wuce. Wallahi wannan ya fi zazzaɓin yi mini ciwo. Ina kwance ina raya wa kaina cewa ko gawata aka fitar, tankaɗenta za ta ci gaba da yi.

Da na fara samun sauƙi, aka fito da ni tsakar gida da yamma in sha iska. Aka kawo wa Baba tuwo da miyar kuka. Ya kai loma ɗaya, ya yamutsa fuska kamar wanda ya taka ƙaya.

"Subhanallahi! Iya, a turmin miya kika daka maɗacin nan?"

Kaka ta ɗanɗana, sai ta fashe da dariya har da tafa hannu.

"Ni da gwiwar nan tawa? Rabona da taɓarya tun kana goyo. Tambayi mai turmin. Ita ke yafa zane da sassafe ta je ta sassaƙo, ta daka a ɓoye a bayan rumbu, ta miƙo mini ta ce kada in faɗa. Yau sauri ya sa ta manta ba ta wanke turmin ba, ta daka daddawa a ciki."

Na juya na dubi Inna. Tana durƙushe a bakin murhu, ta ja zane ta rufe fuska, tana ta hura wutar da ke ci bal-bal. A bayan hannunta akwai yanka, an ɗaure da tsumma. Na sha ganin tsumman nan daga nesa, ban taɓa tambaya ba.

Wani sanyi ya ratsa ni, irin wanda ban ji ba ko ranar da zazzaɓin ya sake ni. Ashe takun nan da nake ji yana wucewa, numfashina take saurare.

Baba ya ture kwanon ya ce a dama masa fura. Ƙannena suka ƙi ci. Ni na jawo kwanon gabana.

Inna ba ta ɗago ba. Ta dai ce wa Kaka, a hankali, "Iya, a ce wa yaron can ya bari, da ɗaci."

Na cinye tas, na suɗe hannu, na ce a ƙaro.