Fom Ɗin da Yake Sauya Ranarsa

Shekarar da sojoji suka koma bariki na samu aiki a wani ƙaramin kamfani a Ikeja, inda ake rubuta wa asibitoci manhajar rajistar marasa lafiya. Daga gidanmu a Agege motar haya ɗaya nake shiga, danfo. Mu huɗu ne masu gwaji: a ba mu manhaja, mu danna nan, mu danna can, mu rubuta inda ta yi tuntuɓe.

Wajen rubutun ne ake kwaɓa ta. Wani ya rubuta "ba ta yi ba" ya tashi abinsa, ba wanda ya san me ya danna. Wata ta cika shafi biyu da Turancin jami'a. Masu rubuta manhajar kullum cikin faɗa suke da mu, ni kuwa ba na haɗiye magana.

Tun ina yarinya ba na ganin abu mai maɓalli in ƙyale shi. Ina cikin tone-tone a manhajar buga takardu na gano ana iya kafa fom mai gurabe, a kulle sauran shafin. Mako biyu na yi ina gina namu: me aka gwada, me aka danna, me aka zata, me ya faru. Abin da ya fi burge ni shi ne gurbin kwanan wata, wanda yake cika kansa da kansa. Ranar da Oga, shugabanmu, ya ce kowa ya koma amfani da shi, da ƙyar ƙafata take taɓa ƙasa.

Cikinmu akwai wani dattijo ɗan Maraɗi, muna kiransa Baba. Gadi ya fara yi a ofishin, ya koyi kwamfuta da kallo da tambaya, har Oga ya ga haƙurinsa ya ba shi kujera. Babu mai tono kuskure kamarsa. Yana da ɗabi'a ɗaya: a gurbin ƙarin bayani na ƙasan fom, sai ya buga kwanan watan Musulunci da sallar da ya yi kafin gwajin. Na sha tsokanarsa.

"Baba, fom ne wannan ko kalandar masallaci?"

"Ɗiyata, ranarku ta inji ce. Tawa tana sama."

Har na ƙudura cire gurbin, don a ganina yana ɓata min tsari.

Wata Litinin Oga ya buɗe rahotannin Baba na wata biyu ya buga su a takarda. Duka rana ɗaya ce a kansu, ranar Litinin ɗin. A gabanmu ya watsa su kan tebur. Ya ce Baba bai yi gwajin komai ba, zama ya yi da safe ya cika su don ya rufe lalaci. Ya ba shi zuwa Juma'a ya kwashe kayansa. Baba ya ce, "Allah ya sani." Iyalinsa suna ɗaki ɗaya a Iyana Ipaja, kuma aikin gadin ma an riga an ba wani.

Abin ya tsaya min a rai. Ta yaya mutumin da yake buga rubutu da yatsa biyu zai cika wannan tuli kafin azahar? Washegari na buɗe wani tsohon fom nawa, wanda na tabbata tun kafin azumi na cika shi. Sai ga ranar Talata a kai. Na rufe, na mayar da agogon kwamfutar baya, na sake buɗewa. Ranar ta bi agogon. Ashe gurbin da nake taƙama da shi ba ya riƙe ranar da aka rubuta, ranar da aka buɗe yake nunawa.

Ya kamata in miƙe a lokacin. Ban miƙe ba. Kunya ta kama ni, da tsoron kada a ce ni ce zan tafi. Na gyara agogon, na ci gaba da aiki, na koma gida na kasa cin tuwon da Inna ta ajiye min.

Da safiyar Laraba na shiga wurin Oga, na nuna masa yadda ranar take bin agogo. Sannan na jera takardun Baba, na sa yatsa a ƙasan kowace: wannan Sha'aban bayan la'asar, wannan tsakiyar azumi, wannan bayan ƙaramar salla. Oga ya riƙe kai, ya yi salati da Yarbanci, ya aika a kira Baba ya ba shi haƙuri. Ni ko tsawa bai yi min ba.

Na fito na tarar da Baba yana mayar da butarsa ƙarƙashin tebur.

"Baba, ka yafe min. Fom ɗina ne ya ja maka."

"Kuskuren inji ba komai ba ne, ɗiyata," ya ce, bai ɗago ba. "Amma jiya na ga kina juya agogon."